An ba ni takardar sallama bayan shekara 16 ina aikin gwamnati, ta ina zan fara?

Baban Hanifa:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ina leƙowa nan ina karanta abin da ake tattaunawa amma ban taɓa rubuta komai ba sai yau, kuma wlh ba don daɗi ba.

Yau kwana tara kenan da aka sallame ni daga aiki. Wata hukumar gwamnatin tarayya ce mai ofis a nan Kaduna, ba zan kama suna ba, tun 2009 nake cikinta. Ranar Talata ce bayan azahar, dawowata daga masallaci kenan ko zama ban yi ba masinja yace ana nemana a ofishin mulki, ina zuwa na tarar da mutum shida a baranda kowa da farar ambulan a hannu, ba mai kallon idon wani. Na sa hannu a littafi aka miƙo min tawa. Layi huɗu ne a ciki, wai an haɗe sashenmu da wani sashen don haka ba a buƙatar aikina daga wannan ranar, za a ba ni albashin wata ɗaya a madadin sanarwa, in miƙa katin shaida da makullin durowa, sauran haƙƙoƙina za a sanar da ni nan gaba. Shikenan. Ban yi laifi ba, shekara 16 ko takardar tuhuma ba a taɓa ba ni ba.

Shekarata 44, ina mataki na 8, mata ɗaya da yara biyar, babbar tana aji biyu a babbar sakandare, ga mahaifiyata a Zariya da nake aika mata ɗan abin da ya samu duk wata. Haya nake a Hayin Banki kuma saura wata uku kuɗin su ƙare. Sannan akwai bashin banki da na ci bara na sayi fili a bayan Rigachikun, daga albashi suke cira, saura wata 14.

Abin da yafi ci min rai har yanzu ban gaya wa maiɗakina ba. Kullum da safe sai in yi wanka in sa kaya in karɓi kular abincina in fita kamar zan tafi ofis, in je shagon wani abokina a Kawo in zauna har la'asar. Bakina ya kasa faɗa mata.

Dan Allah waɗanda suka sani ku taimaka min. Akwai wani tallafi da gwamnati ke ba wanda ta rage daga aiki ko kuwa shikenan kowa tasa ta fisshe shi? Kuɗin fanshona da ake ta cira duk wata zan iya taɓa su yanzu ko sai na kai shekarun ritaya, don wani yace min sai 60 wani yace 50 na rasa na kamawa. Banki kuma ya zan yi da su. Akwai kuma mai ce min in je kotu, ni ko ƙofar kotu ban taɓa takawa ba.

Ɗan Rigasa:

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya musanya maka da mafi alheri ɗan'uwa, ya rufa asiri. Tambaya ɗaya kafin masana su zo, kana cikin ƙungiyar ƙwadago ta wajen aikin naku, ana cire maka kuɗin ƙungiya? In ana cira toh gobe da sassafe ku nemi shugaban reshe ku bakwai ɗin gaba ɗaya, kar ku je ɗai-ɗai.

Tsohon Malamin Firamare:

Ƙanina sannu, Allah ya ba da haƙuri. Na karanta rubutunka sau biyu don kamar ni nake magana. Ina cikin malaman firamare 21,780 da aka ce ba su ci kashi 75 ba a jarabawar gwajin da gwamnatin jihar Kaduna ta yi wa malamai a 2017, cikin malamai wajen 33,000 da suka zauna, aka sallame mu. Shekara 19 ina riƙe da alli. Ba zan tayar da maganar jarabawar ba yanzu, ya wuce, abin da nake so ka ɗauka a wajena kuskuren da na yi ne bayan an ba ni takardar.

Na zauna jira. A watan Janairun 2018 ƙungiyar malamai ta tafi yajin aiki sai muka sa rai za a mayar da mu, aka janye yajin muka ci gaba da sa rai, yau a ce an kafa kwamiti gobe a ce sunaye sun fito, kullum muna ƙarƙashin wata bishiyar dalbejiya kusa da sakatariya muna sauraron jita-jita. Wata takwas ina wannan jiran gawon shanun, na cinye ɗan abin da na tara, na sayar da babur, na sayar da tumakin matata guda uku, damina guda ta wuce ban sa fartanya a ƙasa ba alhali ga gonar gado a Giwa tana kwance. Wannan daminar har yau tana min ciwo. Kai ka nemi haƙƙinka iya ƙarfinka, amma ka ɗauka a ranka daga yau ba ka da albashi, ka tsara gidanka a kan haka. In an mayar da kai alhamdulillahi.

Abu na biyu takardu, kuma wannan da zafi-zafi ake yin sa. Yanzu kana da abokai a ɗakin ajiyar fayil, suna tausayinka, in ka shiga za su tashi su ba ka kujera. Nan da wata shida wlh wasu ko wayarka ba za su ɗaga ba, ba mugunta ba ce tsoro ne, kowa na shafa wa gemunsa ruwa. Ka je satin nan ka kwafi komai, takardar ɗaukarka aiki, ta tabbatar da kai, duk takardun ƙarin girma, takardun albashi na watannin ƙarshe, da ita kanta takardar sallamar. Kowacce fotokofi uku, ka ɗauke su a waya ka tura wa kanka da wani ɗan'uwanka a WhatsApp. Ko wa ya tambaye ka kar ka ba da ta asali. Na san wani abokin aikinmu da aka ce fayil ɗinsa ya ɓata, shi kuma takardunsa ruwa ya ci su a ɗaki, shekara biyu yana zirga-zirga a kan takarda ɗaya ta ƙarin girma.

Maganar tallafi kuwa in gaya maka gaskiya kar ka sa ido a hanya. Abin da zai shigo hannunka naka ne tun asali, fanshonka, ajiyarka ta kofaretib in kana yi, da abin da takardar aikinka ta ce a ba ka. Su za ka bi da ƙafa da takarda.

Ni abin da ya tashe ni darasin yamma ne. Na share zauren gidanmu na shimfiɗa tabarma biyu, na shafa wa bango baƙin fenti ya zama allo, na fara da yara huɗu 'yan maƙwabta ina koya musu lissafi da karatu daga la'asar zuwa magariba. Ranar farko ina jin nauyi sosai, mutumin da ya yi mataimakin hedimasta. Yanzu yara sun fi talatin, na ɗauki wata yarinya mai NCE tana taya ni, da damina ina Giwa ina masara da waken suya. Ban yi arziki ba amma ba na roƙo. Ka zauna ka duba me ka iya a shekara 16 ɗin nan wanda wani zai biya ka a kansa, ko buga takardu ne, ko lissafin kuɗi, ko tuƙi.

Abu Maryam:

Malam Baban Hanifa Allah ya sa haka shi ne mafi alheri. Ina aiki a ɗaya daga cikin kamfanonin fansho, bari in warware maka maganar 50 da 60 ɗin nan don kullum sai an zo mana da ita.

Tunda 2009 ka fara kana cikin tsarin fansho na karo-karo, wanda aka kawo a 2004 aka sake dokarsa a 2014. A dokar 2014 ana cire kashi 8 a albashinka, wajen aikinka su ɗora kashi 10, a zuba a asusunka da ke kamfanin fanshon da ka zaɓa. Kuɗin nan naka ne, sallama ba ta taɓa su, suna nan suna juyawa. Dokar ta ce wanda ya rasa aiki bai kai shekara 50 ba, kuma ya yi wata huɗu bai samu wani aikin ba, yana da damar karɓar abin da bai wuce kashi 25 na abin da ke asusun ba. Ragowar sai ka cika 50 sannan a yi maka lissafi, a ba ka wani kaso a dunƙule sauran a riƙa biyanka wata-wata. Ita 60 ɗin da aka gaya maka shekarun ritaya ce ga mai aiki, 60 da haihuwa ko 35 da fara aiki, ba ta shafe ka ba yanzu. Kashi 25 ɗin nan kuma sau ɗaya ake karɓa, ka riƙe wannan da kyau.

Amma kar ka ce sai wata huɗun sun cika za ka leƙa, ba a fafe gora ranar tafiya. Ka je ofishin kamfaninka yanzu ka ce su buga maka bayanin asusunka tun daga watan farko, ka zauna da biro ka bi wata-wata ka ga ko akwai watan da aka cira a albashi amma bai shiga ba. Yana faruwa sosai. In ka samu gibi sai ka rubuta wa wajen aikin naku, in sun yi shiru akwai PenCom, ita ce hukumar da ke sa ido a kan harkar gaba ɗaya kuma tana karɓar koke. Ka tabbatar kuma an sabunta bayananka an haɗa da NIN. Abin da yafi maƙale mutane shi ne suna da ranar haihuwa, a NIN Muhammad a fayil ɗin ofis Mohammed a banki Muh'd, ko a ce wata takarda 1981 wata 1983, irin wannan kaɗai sai ya ja maka watanni. Ka gyara tun yanzu. Za su nemi takardar sallama, takardar haihuwa ko ta rantsuwar shekaru, takardun albashi na ƙarshe, hoton fasfo da bayanin asusun banki. Ba a biyan ko sisi, duk wanda yace ka kawo wani abu ya gaggauta maka ɗan damfara ne.

Ga masu karantawa da ke aikin jiha, naku ya ɗan bambanta, jihar Kaduna ta shiga tsarin karo-karo ne daga Janairun 2017, don haka wanda ya fara aiki kafin nan yana da haƙƙin shekarun baya da ake lissafa masa daban, wannan a hukumar fansho ta jiha ake bin sa.

Sai bashin banki, kuma nan ne nake jin tsoro. Tun 2020 Babban Banki ya kawo wani tsari da ake kira GSI, in ka sa hannu a kansa lokacin cin bashi kuma ka kasa biya, bankin na iya janye kuɗinsa daga duk wani asusu da ke kan BVN ɗinka ko a wani banki yake. Na ga mutumin da kashi 25 ɗinsa ya shiga da safe kafin azahar rabi ya tafi, ya zo ofishinmu yana kuka ya ɗauka mu ne. Don haka kar ka ɓuya musu. Ka je da kanka kafin watan farko ya kuɓuce, ka kai kwafin takardar sallama, ka rubuta ka nemi a tsawaita lokaci a rage abin da za ka riƙa biya. Ka kuma karanta takardar bashin da kyau, wasu basussukan albashi akwai inshora a cikinsu da aka cira tun farko, wata mutuwa kawai ta rufe wata har da rasa aiki, ka tambaya a nuna maka a rubuce. Manhajojin bashin waya kuwa dan Allah ko kusa da su kar ka je.

Baban Hanifa:

Na gode ƙwarai. Baba malam Allah ya ƙara girma, maganar daminar nan ta shige ni. Abu Maryam wlh sai yau na fahimci abin nan, kuma ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi don sunana a NIN da na ofis ba iri ɗaya aka rubuta ba. Ɗan Rigasa eh ana cire min kuɗin ƙungiya duk wata, na kira shugaban reshe yace shi ma a baranda ya ji labari, ba wanda ya sanar da su.

Barista A.:

Sannu Malam. Maganarka ta ƙarshe ita ta sa na tsaya rubutu. Dokar Ƙwadago sashe na 20 ta ce in za a rage ma'aikata don sun yi yawa, dole a sanar da ƙungiyarsu dalili da yawan waɗanda abin zai shafa, a bi ƙa'idar wanda ya zo ƙarshe shi zai fara fita tare da duba cancanta, a kuma yi ƙoƙarin sasantawa a kan kuɗin sallama. Sai dai dokar ba kowa ta ɗauka a matsayin ma'aikaci ba, ta cire jami'an gwamnati masu aikin mulki da na ƙwararru, don haka ko ta rufe ka ko ba ta rufe ka ba ya danganta da irin aikin da kake yi. Abin da yafi muhimmanci a shari'arka shi ne takardar ɗaukarka aiki da kundin sharuɗɗan aiki na hukumar. In aikinka irin wanda doka ko ƙa'idojin aikin gwamnati suka tsara yadda ake ɗauka da yadda ake sallama ne, kuma ba a bi matakan ba, kotu na iya cewa sallamar ba ta yiwu ba a mayar da kai a biya ka albashin baya. In kuwa yarjejeniya ce kawai tsakaninka da su toh yawanci kuɗi za a yi magana ba komawa ba. Sai lauya ya ga takardun zai gaya maka ɓangaren da kake.

Kotun da ke wannan shari'a ita ce kotun ma'aikata ta ƙasa kuma tana zama a nan Kaduna, ba sai ka je Abuja ba. Lokaci ne abin lura. Akwai tsohuwar dokar kare jami'an gwamnati da ta ce ƙarar hukuma a shigar cikin wata uku. Mu lauyoyi muna ta ja-in-ja ko ta shafi maganar aiki, hukunce-hukuncen ma sun saɓa wa juna, amma ni ba zan bar wanda nake karewa ya gwada sa'arsa a kan wannan ba. Ka ƙirga wata uku daga ranar da ke kan takardar ka rubuta a bango.

Kafin nan ka rubuta takardar koke ga shugaban hukumar, gajeriya, ba zagi ba kuka, ka ce ba ka amince da sallamar ba kuma kana neman a ba ka lissafin haƙƙoƙinka a rubuce. Kwafi biyu, su buga hatimi da kwanan wata a taka ka dawo da ita gida. Kuma kar ka sa hannu a wata takarda mai cewa ka karɓi duk haƙƙinka ba ka bin su komai sai lauya ya karanta, don kotuna sun sha cewa wanda ya karɓi kuɗin sallama bai ce uffan ba ya yarda kenan. In ba ka da ƙarfin shari'a akwai hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafen jama'a, tana da ofis a kowace jiha, kyauta ne, tana karɓar koke cikin wata 12 da faruwar abin, amma ba ta taɓa maganar da ke gaban kotu. Ku bakwai in kuka haɗa kai kuɗin lauya zai zo da sauƙi.

Tambayarka ta tallafi, ƙasar nan ba ta da wani alawus na wata-wata ga wanda ya rasa aiki. Wasu na zuwa NSITF, hukumar inshorar ma'aikata, da wannan zaton, su nasu diyyar rauni ko ciwo ko mutuwa ce a bakin aiki, dokar 2010.

Maman Sadiq:

Baban Hanifa sannu da wannan jarabawa. Maza sun yi maka maganar takardu ni maganar gida zan yi, kuma ka yi haƙuri in na faɗi da zafi. Ka gaya wa matarka yau, kar ka kwana.

Maigidana yana cikin ma'aikatan ƙananan hukumomi da aka sallama a watan Afrilun 2021, gab da azumi. Sati uku yana yin abin da kake yi, ya sa kaya ya fita, da yamma ya dawo da ƙanƙara da kankana na buɗa baki ashe bashi yake ci. Ka san a ina na ji? Matar wani abokin aikinsa ce ta yi sallama ta shigo ina tsaka da tankaɗe, ta zauna tace ya muka ji da wannan abu sai haƙuri. Na ce wane abu. Wlh rasa aikin bai yi min ciwo kamar yadda na ji a bakin wata ba, ina zaune da rariya a hannu kamar baƙuwa a gidana. Kuma a sati ukun nan na yi wa yara ɗinkin sallah kala bibbiyu, na zuba anko na bikin ƙanwata, da na sani ai ba zan yi ba.

Mace ta san inda ake rage cefane ba tare da yara sun gane ba, kai ba ka sani ba. Ni da na ji, a daren muka zauna da littafi. Muka cire yara biyu daga makarantar kuɗi muka mayar ta gwamnati, babban muka bar shi don yana ajin ƙarshe, na je da kaina wajen mai makarantar na faɗa mata gaskiya ta yarda mu biya kashi uku. Taka babbar da ke aji biyu ka yi ƙoƙari ka bar ta inda take, badi za ta zana jarabawa. Na ɗauki kwasar adashena na sayi waken suya tiya biyar na fara awara, daga baya na ƙara da zoɓo da kunun aya, wata maƙwabciya mai firiza tana sa min ina ba ta na wuta. Mai gidan haya ma tun kafin lokaci ya yi muka aika masa da dattijon unguwa, ya ɗaga mana ƙafa wata huɗu. Da mun bari sai ya zo karɓa da ba haka ba.

Sai lafiya. Inshorar da kuke zuwa asibiti da ita ta ofis ce, za ta tsaya. Ka je KADCHMA, hukumar inshorar lafiya ta jihar Kaduna, ka tambayi tsarin masu zaman kansu, ana biya shekara-shekara, ko kowa bai samu ba ka fara sa ƙaramin yaro da duk mai ciwon da ke yawan tashi. Kai ma ka je a auna jininka. Maigidana wata biyar da sallama hawan jini ya kayar da shi a banɗaki, mutumin da ko ciwon kai ba ya yi, duk zurfin ciki ne.

Kuma kar ka ji kunyar limaminku ya sani. Cikin mutum takwas da Allah ya ambata a ayar zakka a Suratut Tauba akwai wanda bashi ya yi wa katutu. Akwai masu fitarwa a unguwa suna neman irinku masu rufin asiri ba su san ku ba, don kullum suna ganinku da guga a jikin kaya.

Ɗan Rigasa:

Hajiya Allah ya saka, maganarki gaskiya ce tsantsa. Barista ban ƙi taka ba amma a gaya masa shari'a ba ta wata ɗaya ba ce ba ta shekara ɗaya ba, yara kuma ba za su ci ranar zaman kotu ba, ya shigar ɗin amma hannu ɗaya na can ɗaya na neman abinci. Mu 'yan Kaduna mun ga irin wannan tun masaƙun Kakuri, masaƙar KTL ta rufe a 2002 aka yi shekara da shekaru ma'aikatanta na bin haƙƙinsu wasu har suka koma ga Allah. Na kuma ga 2021 da idona, ranar 17 ga Mayu Ayuba Wabba, shugaban ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa a lokacin, ya jagoranci yajin gargaɗi na kwana biyar a kan sallamar ma'aikata, aka ɗauke wuta, jirgin ƙasa ya tsaya a nan Rigasa, bankuna a rufe, gwamnatin El-Rufai na cewa albashi ne ke cinye kusan duk kason da take samu daga tarayya, ƙungiya na cewa ba a bi ƙa'ida ba, a rana ta uku aka janye aka koma tebur a Abuja. Ni ra'ayina ko da gwamnati na da hujjar rage mutane, bai kamata takardar sallama ta fita ba sai kuɗin mutum na tare da ita a ambulan ɗaya, ba a ce masa nan gaba ba. A sa wannan a doka, na jiha da na tarayya, abin da ya kamata ƙungiyoyi su tsaya a kai kenan tun kafin a zo kansu, abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

In kashi 25 ɗin ya fito dan Allah kar ka sayi keke ka ba wani yaro yana kawo maka balas, mutum uku na sani da suka yi haka ƙarshenta a bakin bakanike keken ya ƙare. In za ka tuƙa da kanka toh. In kuma kana da sha'awar aikin hannu ka shiga Panteka ka zaga ka gani, akwai masu digiri a can suna walda da haɗa injin niƙa.

Baban Hanifa:

Jama'a Allah ya saka wa kowa da alheri, ya biya muku buƙatunku. Maman Sadiq na bi maganarki, jiya bayan isha'i da yara suka kwanta na ɗauko ambulan ɗin na miƙa mata don bakina ya ƙi. Ta karanta ta ninke ta ajiye, tace tun kwana na uku ta san akwai abu, don kular abincin tana dawowa yadda ta zuba kuma na daina rataya katin ofis a ƙusar bayan ƙofa, tana jira ne in faɗa da kaina. Mun daɗe muna magana har wajen ƙarfe ɗaya. Tana da kwasar adashe ƙarshen wata mai zuwa, tace a fara kai wa mai gida ko rabi ne. Hajiyarmu ta Zariya kuma zan je da kaina ranar Juma'a, ba a waya ba.

Yau na je ofis na kwafi takarduna, ta ƙarin girman 2017 ce kawai ba a gani ba sun ce in dawo jibi. Daga can na wuce kamfanin fansho suka buga min bayanin, Abu Maryam na bi da biro kamar yadda ka ce na samu wata bakwai da ba a zuba ba alhali a takardar albashi an cira. Wannan koken in haɗa shi da wanda Barista yace in rubuta ne ko kowanne takardarsa daban?

Mu bakwai ɗin mun yi waya, mu biyar mun yarda mu haɗu ranar Asabar bayan la'asar a shagon abokina na Kawo kowa ya zo da takardunsa, shugaban reshe ma yace zai zo. Ɗaya yace shi ya bar wa Allah, ɗayan kuma wayarsa a kashe take tun ranar, gobe in sha Allah zan nemi gidansa a Unguwar Dosa.